Dokar Hana Cin Zali a Makarantu: Wa Zai Yi Me, Kuma Cikin Kwana Nawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da shugabannin makarantu, iyayen yara da hukumomin ilimi a Zariya da kewaye. Maganar ita ce cin zalin da ɗalibai ke sha a hannun 'yan uwansu ɗalibai, da kuma a hannun wasu malamai, abin da kowa ya san da shi amma ba a cika tashi tsaye a kansa ba sai an kwashi yaro zuwa asibiti.

Kusan duk makarantar da ka shiga, daga Tudun Wada har Samaru, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, za ka tarar da dokoki manne a allon sanarwa, kuma a cikinsu ba za a rasa layin da ya ce an haramta cin zali ba. Abin da za ka rasa shi ne bayanin mene ne cin zalin, wa yaro zai gaya wa, me za a yi cikin kwana nawa, kuma wa zai bi sawu ya ga an yi. Dokar da ba ta amsa waɗannan ba ado ce kawai a jikin bango.

A matakin ƙasa da jiha dai ba a rasa dokoki ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Akwai Dokar 'Yancin Yara ta 2003, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar kula da jin daɗin yara da kare su a 2018. A 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu. Matsalar ita ce ɗan aji ɗaya da aka ƙwace wa kuɗin tara a bayan aji bai san da ko ɗaya ba, kuma ko ya sani ba za su amfane shi a ranar ba. Abin da zai amfane shi shi ne takarda mai shafi biyu ko uku ta makarantarsu, da Hausa da Turanci, wadda aka karanta masa a asambili ranar farko ta zango, iyayensa suka sa hannu a kai.

Mu fara da ma'ana, don a nan ake yawan tuntuɓe. Dan Olweus, masanin da ya yi aikinsa a ƙasar Norwe kuma ya jagoranci binciken da aka yi lokacin gangamin yaƙi da cin zali na ƙasar a 1983, ya ware abubuwa uku da idan sun haɗu an sami cin zali: ganganci, maimaitawa, da fifikon ƙarfi. Yara biyu tsara sun yi dambe a kan ƙwallo, wannan faɗa ne, sulhu ya ishe shi. Ɗan aji shida da ke sa ɗan aji ɗaya wanke masa kaya duk Asabar, in ya ƙi ya sha dorina, wannan cin zali ne, kuma sulhu ba ya maganinsa. Fifikon ƙarfin ba lallai na ƙwanji ba. Yana iya zama na yawa, na muƙami, na kuɗin uba, ko na baki. 'Yan mata biyar da suka haɗa kai suka daina yi wa ɗaya magana, suna toshe hanci in ta wuce, ba su taɓa jikinta ba, amma sau da yawa irin wannan ne ke sa yarinya ta fara cewa cikinta na ciwo duk safiyar Litinin. Don haka takardar makaranta ta ambaci abubuwan da sunayensu: duka, ƙwace abinci ko kuɗi, aikin bauta, laƙabin wulaƙanci, wariya, ƙage, taɓa jiki, yaɗa hoto ko murya a waya. Idan ba a ambata ba, amsar da za a ji kullum ita ce "wasa muke yi".

Inda ya fi buƙatar gyara, a ganinmu, shi ne ikon da ake bai wa siniyoyi da firifet, musamman a makarantun kwana. Zariya gari ne mai daɗaɗɗen tarihin makarantu, ga Alhudahuda, ga Barewa, ga Kufena, kuma tsarin shugabancin ɗalibai ya horar da mutane da yawa da ƙasar nan ke alfahari da su. Ba rushe shi muke nema ba. Amma a duba yadda yake gudana idan malamai sun yi ƙaranci. Malamin da ke kula da ɗakin kwana yana zaune a cikin gari, da la'asar ya hau babur ya tafi. Daga nan har wayewar gari mulki na hannun yaro ɗan shekara sha bakwai, wanda shi ma shekara biyar da suka wuce an sa shi tsallen kwaɗo har ya kasa tsuguno, kuma ya daɗe yana jiran ranar ramawa. An bai wa kura ajiyar nama, sannan ana mamaki. Ya kamata dokar makaranta ta fito fili ta ce firifet yana rubuta sunan mai laifi ya miƙa wa malami, iyakar ikonsa ke nan. Ba ya duka, ba ya sa kamun kunne, ba ya hana abinci, ba ya kiran ƙarami zuwa gadonsa ko lungunsa bayan an kashe fitila, ba ya aikensa waje. Wanda ya saɓa a karɓe muƙamin a ranar, a sanar a asambili. Kuma kafin a naɗa su a zaunar da su ko da kwana biyu ne a koya musu aikin, domin a makarantu da yawa abin da ake ba su bai wuce baje da tafi ba.

Haka al'adar uwar ɗaki da 'yar ɗaki a makarantun 'yan mata, da takwararta a na maza. Asalinta kulawa ce: babba ya riƙe ƙarami, ya nuna masa hanya. Takan rikiɗe ta zama ɗiban ruwa, wanki, miƙa rabin garin kwaki da sukarin da aka kawo ranar ziyara, wani lokaci ma abin da ya fi haka muni. In za a bar ta, makaranta ce za ta haɗa su, ta rubuta wa ke riƙe da wa, kuma ƙaramin ya sami damar cewa a sauya masa ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Cin zali yana da wurarensa da lokutansa, kuma yara sun san su sarai. Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo: a zana taswirar makaranta a takarda, a raba wa kowane ɗalibi, a ce ya sa alama a inda yake jin tsoro, kada ya rubuta suna. Abin da yakan fito shi ne bayan gida, bayan azuzuwan ƙarshe da ke jikin katanga, wurin famfo ko rijiya, layin abinci, kangon ginin da aka bari, da hanyar gida bayan an tashi. Lokutan kuma su ne tara, tsakanin darasi da darasi idan malami ya makara, bayan karatun dare, da ranakun Asabar da Lahadi. Daga wannan taswirar ake tsara jadawalin sintiri, da sunan malami da wurin da zai tsaya. Abin da ke lalata shi shi ne a rubuta "malamin mako" kawai, mutum ɗaya ga ɗalibai dubu, shi ma yana ofis yana makin jarrabawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin birni ya san ajin da ya ninka haka. Inda malamai ba su isa ba, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) na iya samo dattawan unguwa biyu ko uku, da iyaye mata, su riƙa tsayawa a bakin ƙofa na minti talatin lokacin tashi. Wannan kuma yana rage zuwan 'yan sara-suka da wani ɗalibi kan gayyato don su rama masa.

Sai hanyar kai ƙara. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Yaro yana yin shiru ne saboda ya yi lissafi: in ya faɗa za a kira wanda ya zalunce shi a yi masa bulala shida a gaban kowa, da dare kuma shi zai biya da riba, ga sunan munafuki da zai bi shi har ya gama makaranta. Saboda haka hanya ɗaya ba ta isa. A naɗa malamai biyu, mace da namiji, a manna sunayensu a kowane aji. A sa akwatin ƙorafi mai makulli, amma kada a rataye shi a ƙofar ofishin firinsifal inda duk mai jefa takarda ido na kansa. Wurin da kowa ke wucewa ya fi, kamar kusa da ɗakin karatu ko ɗakin shan magani. Mutum biyu su riƙa buɗe shi tare, sau biyu a mako. A ba iyaye lambar waya guda ta makaranta. Akwatin da aka bari wata guda ba a buɗe ba ya fi rashinsa illa, don ya koya wa yara cewa faɗa da rashin faɗa duk ɗaya ne.

Idan ƙara ta zo, ga tsarin da muke ba da shawara. A ranar, a tabbatar yaron ya tsira: in ɗakin kwana ɗaya suke, wanda ake zargi za a ɗauke, ba wanda aka zalunta ba. In akwai rauni a kai shi asibiti, a karɓi takardar likita. Cikin awa 24 a sanar da iyayen ɓangarorin biyu, kowa daban. Cikin kwana uku a saurari kowane yaro shi kaɗai, a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, a karanta masa. Shaidu ma ɗaya bayan ɗaya, kafin su haɗa baki. Tambayar ta zama "me ya faru, a ina, su wa ke wurin", ba "me ka yi masa har ya dake ka" ba. Cikin mako guda a yanke hukunci a rubuce. Bayan mako biyu, sannan bayan mako shida, a sake kiran yaron a ɓoye a ji ko abin ya tsaya. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali a lokacin ne ramuwar gayya ke faruwa. Duk wannan ya shiga littafi guda mai lambar shafi, a kulle a ofis, domin yaron da sunansa ya fito sau uku a zango biyu ba za a gane shi ba in kowane malami a kansa yake riƙe da labari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gurfanar da yaran biyu gaba da gaba a ce su gaisa su yafe wa juna. Yafiya abu ne mai kyau a addini da al'ada, amma wanda aka zalunta ne ke da ita, ba a karɓarta da tsawa. Ƙaramin zai ce ya yafe don tsoro, babban ya fita yana murmushi. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar bulala a matsayin magani. Yaron da ke dukan na ƙasa da shi, in aka zane shi, darasin da ya ɗauka shi ne mai ƙarfi ke duka, kuma gobe zai nemi inda ba a gani. Hukunci ya hau mataki-mataki: gargaɗi a rubuce a gaban iyaye, biyan abin da ya ƙwace ko ya lalata, karɓe muƙami, zama da malamin ba da shawara na wasu makonni, dakatarwa, sannan kora. In aka yi amfani da makami, ko aka ji wa yaro rauni mai tsanani, ba a bin matakan nan, maganar ta 'yan sanda ce. Kuma a bincika gidan mai cin zalin, don ba kasafai ake rasa wani abu a can ba. A makarantun kuɗi akwai wata cuta ta daban, wato tsoron rasa kuɗin makarantar ɗan mai hali. A watan Afrilun 2024 sai da bidiyon marin wata ɗaliba a wata makarantar kuɗi ta Abuja ya zagaye ƙasa kafin aka rufe makarantar na 'yan kwanaki. Bai kamata yaro ya jira waya ta cece shi ba.

Lalata da neman lalata kuwa babinsu daban, kuma a nan makaranta ba ta da hurumin sasantawa. Binciken 2014 ɗin nan ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta wannan fuska, don haka kada a ɗauka maza sun tsira. Ya kamata dokar makaranta ta hana malami keɓewa da ɗalibi a ɗaki rufe, ta hana aiken ɗaliba gidan malami shara ko girki, ta hana hira da ɗalibi ta waya da dare, ta hana kyauta ta musamman da alƙawarin maki. In an yi fyaɗe, lokaci ne abu na farko. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Kada a yi wa yaron wanka ko a wanke tufafin kafin likita ya gani, in da hali, kuma tufafin a sa su a takarda, ba a leda ba, don leda na riƙe damshi ta lalata shaida. A Zariya akwai cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka kafa domin irin wannan. Malamin da ake zargi a janye shi daga aji har a gama bincike, a kai rahoto ga 'yan sanda da ma'aikatar ilimi, da kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN mai ikon soke rajistarsa. Abin da aka saba, a yi masa canjin wurin aiki a rufa asiri, tura matsalar ne zuwa ga 'ya'yan wasu. A 2020 Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe, amma hukunci ba ya hawa kan wanda shugaban makaranta ya ɓoye.

Nuna bambanci ya fi wuyar kamawa domin sau da yawa da dariya yake zuwa, wani lokaci malami ne ma ke fara ta. Mai i'ina da aka tilasta wa karatu a gaban aji don a yi nishaɗi. Zabiya da ba ya ganin allo daga baya, aka ce masa daƙiƙi, alhali kujerar gaba kawai yake buƙata da izinin sa hula a rana. Mai ciwon sikila da aka sa noma ko tsallen kwaɗo cikin zafi ba ruwan sha, abin da ke iya tayar masa da ciwon nan take. Mai farfaɗiya da yara ke gudu don an ce musu ana ɗauka, alhali ba a ɗauka. In ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a cusa masa cokali a baki. Mai fitsarin kwance da ake zagayawa da katifarsa ana waƙa. Kowace makaranta ta riƙe rajistar lafiya da iyaye suka cika, malamin aji da na wasanni su san abin da ke ciki. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya wuce, kuma gangaren siminti a ƙofar aji ba ya cin buhu da yawa.

Zariya kuma gari ne na kowa. A aji ɗaya a Sabon Gari ko Wusasa za ka sami Bahaushe, Bafulatani, Bayarabe, Ibo, ɗan Kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista. Barkwanci tsakanin ƙabilu tsohuwar al'ada ce, amma tsakanin manya da suka yarda da ita. Laƙabin ƙabila ko na addini da ake jifan yaro ɗaya da shi kullum ya fita daga barkwanci. Sashe na 38 na Tsarin Mulki ya hana tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, kuma a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na Legas 'yancin sa hijabi. Ƙa'idar da ta kare waccan yarinyar a Legas ita ce ke kare ɗalibar da take 'yar tsiraru a Zariya. A haɗa da ɗan talaka da ake kora gaban aji saboda kuɗin PTA: bashin na uba ne, da shi za a yi magana. Islamiyyu da makarantun allo ma kada su ga kamar ba da su ake ba, gardi da ƙolo siniya da juniya ne da wani suna.

Waya ta sa cin zali yana bin yaro har ɗakin uwarsa. Hana shigowa da ita makaranta bai hana rukunin WhatsApp na 'yan aji ba. Ya kamata dokar makaranta ta ce abin da ɗalibi ya yi wa ɗalibi a intanet ya shafi makaranta ko da a gida aka yi. A koya wa yara su ɗauki hoton saƙon su ajiye kafin a goge, kada su mayar da martani. Banda hoton tsiraicin yaro: wannan kada malami ya tura wa kowa, ko da shugaban makaranta ne, domin ajiye shi da yaɗa shi laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015. A kashe wayar a miƙa wa hukuma.

Akwai darasi a shirin yaƙi da cin zali na KiVa na ƙasar Finlan, wanda Jami'ar Turku ta tsara aka bazu da shi a makarantun ƙasar daga 2009. Sun lura cewa mai cin zali 'yan kallo yake yi wa, don haka suka mai da hankali kan masu dariya da masu shiru. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman addini kullum suna karantar da cewa taimakon azzalumi shi ne hana shi zalunci. Darasi ɗaya a wata a kowane aji ya isa a fara, a koya wa yaro abin da zai iya yi ba tare da ya sa kansa a haɗari ba: kada ya yi dariya, ya kira malami, ya zauna kusa da wanda aka ware.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna, da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB), da hukumar tabbatar da ingancin makarantu shi ne, idan masu duba makarantu sun zo kada su tsaya a rajistar halarta da tsarin darasi. Su nemi littafin ƙorafi su buɗe. Makarantar mai ɗalibai ɗari takwas da littafinta ya zama fari fat tsawon shekara, ita ya kamata a fi tuhuma, ganin rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a watan da ya gabaci tambayarsa. Su tsayar da yara biyar a fili, ba waɗanda firinsifal ya zaɓo ba, su tambaye su sunan malamin da ake kai wa ƙara. Sashen koyar da ilimin halayyar ɗalibai da ba da shawara na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ana iya neman su horar da malamai biyu daga kowace makaranta lokacin dogon hutu. Ranar Alhamis ta farko a watan Nuwamba ita ce ranar yaƙi da cin zali a makarantu ta duniya. Muna ba da shawara kowace makaranta a Zariya da Sabon Gari ta kammala rubuta takardarta kafin ranar, ta karanta wa iyaye a taron PTA na zangon farko.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu malaman makaranta da masu ba ɗalibai shawara,
Tudun Wada, Zariya.